Yadda Jatau Ya Ci Hanyar Dajin Madobiya da Yaƙi

Wannan shi ne tarihin sadauki jikan sadaukai, Jatau ɗan Cindo, ɗan Barmo, ɗan Nomau Mai Garma Biyu wanda ya sari dajin farko ya kafa Tungar Nomau. Zuriya ma'abociyar nasaba da asali, waɗanda tafin hannunsu ya fi ƙofaton sa tauri, waɗanda tun da aka san su ba a taɓa jin ɗayansu ya ajiye garma kafin ya kai ƙarshen gona ba, ko ya waiwaya baya ana tsakiyar gayya. Jatau, bijimin tashar acaɓa, amirul mahaya, mai babur ɗaya da madubi ɗaya, wanda in ya taso daga gabas kaji ke sanar da na yamma. Babur ɗin na yayansa ne.

Maruwaita sun haɗu a kan cewa tsakanin Tungar Nomau da Ruwan Gora, inda asibiti yake, akwai gandun daji na gwamnati da ake kira Madobiya, kuma a cikinsa akwai wata tsohuwar hanya ta babura da amalanke da akori-kura, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba. Sai manyan motocin gawayi suka shiga suka farfashe ta, ruwa ya biyo bayansu ya ƙarasa aikin, ya yanka kwari a tsakiyarta wanda dogon mutum zai tsaya a ciki ba a hango hularsa ba. Hukuma ta gitta ƙarfe a bakin hanyar gaba da baya, ta sa kwaɗo. Shekara uku ke nan. Mai zuwa asibiti sai ya zagaya ta titin kwalta, awa biyu da rabi in an samu mota. Ba a cika samu ba.

To, matar Jatau, Tasalla, tana da ciki wata takwas. Haihuwarta ta baya ta zo da gardama, da ƙyar ta sha, kuma ma'aikaciyar jinya ta ce da babbar murya kada a kuskura ta sake haihuwa a gida. A gaban Jatau aka faɗi haka. Kwana uku yana zuwa bakin ƙarfen nan da hantsi, ya kashe babur, ya tsaya yana kallon kwaɗon kamar wanda ya kashe masa uba. A rana ta huɗu ya ɗaura ɗamarar azama, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya nufi ofishin malamin daji.

Malamin dajin nan, Malam Hashimu, ma'ajin mabuɗai, mai hukunci a kan kowane ganye daga bakin rafi zuwa gindin dutse, ya saurare shi har ya gama. Sa'annan ya ce hukuma ba ta da motar gyaran hanya a bana, amma in mutanen Tunga za su gyara da hannunsu, ba zai hana ba. Sai dai kada a sare itace mai rai ko ɗaya, kuma kada a noma ko taku ɗaya, domin daji na gwamnati ne, ba gadon kowa ba. Ya ce ranar Asabar kafin la'asar zai shigo da akori-kurarsa ta bakin Ruwan Gora. In ta fita ta bakin Tunga, ya cire kwaɗo. In ba ta fita ba, sai baɗi.

Tasalla ba ta da baɗi. Saura mata makonni.

Sai Jatau ya kira gayya. Ya bi gida gida da goro, ƙofa bayan ƙofa, har gidan mutanen da ba sa gaisawa da shi tun rikicin iyakar gona. Ranar Asabar kuwa, bayan an yi ruwan dare ƙasa ta yi laushi, runduna ta fito: maza ashirin da huɗu, da diga da shebur, da baro biyu, ɗaya ba taya sai ɗauka, da tsofaffin buhunan taki, kuma kowane namiji da garmarsa a kafaɗa, domin ɗan Tungar Nomau ba ya fita aikin ƙasa ba garma, ko kabari za a haƙa. A bayansu ga Baba Anaruwa, makaɗin noma, tsoho mai haƙori uku, rataye da gangarsa. Ba wanda ya gayyace shi. Ya ce tun da yake bai taɓa jin an yi gayya a ɓoye masa ba, kuma ba za a fara yau ba.

Suka sunkuya ta ƙarƙashin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, kamar mayaƙa masu shiga birni ta kafar ruwa, suka yi tattaki har bakin kwarin. Mata kuwa suka kafa sansani a gindin tsamiyar da ke bakin ƙarfen, da ƙoren fura da tukwanen dambu. Tasalla na cikinsu. An ce ta zauna a gida, ta ce hanyar tata ce.

Ba a iya ƙayyade irin jarumtar da aka nuna a kwarin nan. An ɗebo duwatsu daga gindin tsauni, an jera su kamar ganuwa, an cika buhuna da yashi an danne, an bar wa ruwa mafita ta gefe don kada ya dawo ya ɗauki fansa. Kuma Jatau, garkuwar Tasalla, dodon kwazazzabai, yana tsakiyar fage da dutse a kansa, gumi na zuba daga haɓarsa kamar indararo, yana ba da umarnin da ba wanda yake saurara, domin kowa ya riga ya san abin da zai yi. Wata ƙaya ta tare hanya, aka ɗaure rassanta da igiya aka janye gefe, ba a sare ta ba, saboda sharaɗi. Kunama ta harbi mutum ɗaya. Shi ne kaɗai aka rasa, shi ma ya koma gindin tsamiya ya fara cin dambu tun kafin lokaci.

Da azahar kwari ya miƙa wuya. Suka yi salla, suka juyo suna gyara hanya suna nufo gida, suna cike ramuka suna kwashe duwatsu, har suka iso filin ƙarshe, wani shimfiɗaɗɗen wuri mai baƙar ƙasa wanda ciyawa ta rufe, daga nan har bakin ƙarfen Tunga. Aikin da ya rage ƙarami ne: a kankare ciyawa, a bar ƙasa a shimfiɗe. Amma rana ta karkata, maza sun gaji, wasu sun fara hango tukwane.

A nan ne Jatau ya yanke shawarar da tarihi ba zai manta ba. Ya juya ga Baba Anaruwa ya ce, "Baba, ba su kiɗan noma. Mai zafin."

Tsoho ya gyara ganga. Ya ɗaga gula.

Wanda bai tashi a Tungar Nomau ba ba zai gane abin da ya faru ba. Kiɗan nan shi aka yi wa ubanninsu a gayya, shi aka yi wa kakanninsu, kuma da ya sauka a kunnen maza ashirin da uku, a kan baƙar ƙasa mai laushi, da garma a hannu, a farkon damina, sai hankali ya koma gefe ya zauna, jiki ya karɓi mulki. Suka jeru sahu guda ba wanda ya jera su. Jatau ya ɗaga garma sama ya yi kururuwa, "Kowa ya kama layinsa!" Runduna ta amsa, "Ƙasa ta ji maza!" Suka duƙa.

Baba Anaruwa na biye da su yana zuba kirari: "Jatau na Tasalla, jikan Mai Garma Biyu! Ƙasa ta ji takunka ta juya! Wanda ya waiwaya ba ɗan Tunga ba ne!" Garemani suka riƙa walƙiya suna sauka, ƙasa na tashi tana kwantawa gefe, kowa na hararar na kusa da shi da wutsiyar ido kada ya wuce shi, Jatau kuwa yana gaba kamar ingarma da ya ga fage, bai taɓa jin ƙarfi irin na wannan rana ba. Daga gindin tsamiya mata suka miƙe tsaye suna ɗaga hannu suna ihu. Maza suka ɗauka guɗa ce. Suka ƙara wuta.

Jatau ne ya fara taɓa ƙarfen. Ya miƙe, ƙirji na hawa da sauka, ya dubi Tasalla yana jiran kalmar da ake faɗa wa mai nasara. Ita kuwa ba shi take kallo ba. Bayansa take kallo.

Ya waiwaya.

Kunyoyi ne, miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, daga bakin ƙarfe har inda ido ya tsaya. An yi huɗa. Huɗar da duk manomin da ya gani sai ya yi sha'awa, a tsakiyar hanyar mota, a cikin gandun gwamnati. A can ƙarshenta kuma, akori-kurar Malam Hashimu ce tsaye, ta haye kwari lafiya, ta zo ta ci birki.

Malamin daji ya fito, ya goya hannu a baya, ya tako ta cikin kwarin kunya ɗaya a hankali har ya iso. Ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza. Ya ce shi ma ɗan manoma ne, kuma rabonsa da ganin aiki mai kyau haka tun yana yaro. Sai ya dubi Jatau.

"Gero za ku sa ko dawa?"

Malam Hashimu ya ce ba wasa yake ba: motarsa in ta hau nan cikinta zai zauna a kan ƙasa, kuma abin da idonsa ya gani gona ce, ga shaidu ashirin da uku riƙe da garma. Ya mayar da mabuɗi aljihu. Wasu suka ɓoye garemaninsu a baya, kamar hakan zai taimaka.

Sai Tasalla ta dafa tsamiya ta miƙe, ta ɗauko ƙwaryar fura da ludayi, ta tako a hankali da hannu ɗaya a ƙugu.

"Ranka ya daɗe, ga fura. Ka sha, ka yi la'asar. In ka shafa addu'a ka juyo ka ga gona, ka tafi da mabuɗinka." Ta juya ga makaɗi. "Baba, kai ka tayar da ita, kai za ka kwantar da ita. Ko ba ka iya takai ba ne?"

Tsoho ya ce shi da ya yi wa uwarta kiɗan takai ranar aurenta.

Abin da ya biyo baya maruwaita ba su cika son faɗarsa ba. Sadaukan Tungar Nomau, masu karya kwari, masu ɗaure ƙaya da ranta, suka ajiye garma suka kama rawa. Kowa ya hau kunyar da ya tayar da hannunsa yana dukanta da diddige, gaba da baya, a juya a sake, ƙasa na fallatsa har gwiwa, mata na tafi suna gyara wa wanda ya kuskure taku. Har na'ibin liman ya shiga, yana faɗa wa na kusa da shi cewa shi ba rawa yake yi ba, ƙasa yake takawa. Wanda kunama ta harba ma ya warke. Jatau ya fi kowa tsalle, fuskarsa a murtuke, bai kalli kowa ba.

An ce ba a taɓa ganin mutum ya sha fura a hankali kamar Malam Hashimu a ranar ba. Ya yi alwala a hankali. Ya fuskanci gabas, bayansa na ga filin, ya yi salla, ya zauna ya yi addu'a mai tsawo ƙwarai. Da ya shafa ya juyo, sai ya ce shi dai hanya yake gani, ko da yake ba mai kyau ba. Ya koma ya tayar da mota, ta taho tana rangaji tana ƙugi kamar tsohuwar saniya, ta iso. Ya cire kwaɗo. Mutum huɗu suka ɗage ƙarfen. Maza suka yi tasu la'asar da ƙafafu masu rawa, sannan aka ci dambu.

Kwana goma sha tara bayan wannan gagarumar galaba, da hantsi, naƙuda ta taso. Jatau ya riga ya shirya: ya wanke babur, ya ɗaure matashi a kujerar baya, ya sayo madubi na biyu. Ya tayar da babur ɗin bugu ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba. Tasalla ta fito ta dubi babur, ta dubi mai babur, ta wuce ta hau amalanken maƙwabci, aka shimfiɗa mata katifa, mata biyu suka zauna gefenta. Shanu suka kama hanya. Sadauki ya bi su a baya a giya ɗaya, yana ɗauke da buta da ƙullin zannuwa.

A ƙofar asibiti aka tuna an baro katin awo a gida. Nan fa aka ga amfanin jarumi. Ya juya kan babur, ya keta Dajin Madobiya kamar kibiya, ya haye kwarin da ya cike da hannunsa, ya ɗauko kati, ya sake ketowa, bai tsaya gaisawa da kowa ba, ya diro a ƙofar ɗakin haihuwa yana haki da kati a sama kamar tutar fatahi.

An riga an haihu. Mace, lafiya lau, ita da uwar. Ba wanda ya tambayi katin.

Hanya tana nan a buɗe, babura da amalanke na bin ta kullum. Jatau ya so a kira ta da sunan kakansa Nomau, har ya yi magana a tasha sau biyu. Amma in ka tare ɗan acaɓa a Ruwan Gora ka ce Tunga za ka, tambaya ɗaya zai yi maka: ta kwalta, ko ta Gonar Jatau?