Takin Albasa a Filin Jirgi

Har in koma ga Allah ba ni mantawa da ranar da munka tashi zuwa Makka. Mu huɗu abin ya haɗa: ni, da ƙanwata Tumba ta Sifawa, da maƙwabciyata Dije, sai wata ma'aikaciya mai safar hannu.

A Bodinga an san hancina. Tun zamanin layin shinkafa nike sunsunar samarin unguwa. Ɗan Dije ma na taɓa tare shi gaban jama'a na ce yana warin wiwi (ashe hayaƙin kara ne, ban kuwa ba da haƙuri ba).

Wurin bincike, yarinyar nan mai safar hannu ta goga mani ɗan ƙyalle a tafin hannu, ta tura shi cikin wata na'ura. Wai lantarki ke kamo ɓurɓushin ƙwaya ko abin fashewa da ya maƙale a fata. Na ce, "Goga da kyau, ɗiyata, haka nike son aiki."

Sai na'ura ta ƙwala ƙara.

"Inna, koma gefe."

Ni! Layi duka ya juyo. Tumba ta hau salati. Dije ta gyara mayafi ta ce, "Ikon Allah. Yaya, ko a sunsuna ki?"

Na koma gefe. Ana kiran jirgi, ni ina ganin Makka tana kuɓuce mani, ga labarin da za ya riga ni gida. Na kai hannu ga hanci (abin da na iya ke nan). Lalle na ji, da sauran warin fadama. Sai na tuna.

"Ke ɗiyata, injinki ya san takin zamani? Shekaranjiya na watsa ma albasa, da hannun ga."

Ta ce taki kan tada shi.

"To goga ma waccan. Buhu guda munka raba."

Anka goga ma Dije. Wallahi ƙarar tata ta fi tawa! Anka zazzage kayanmu, ba komi sai gari da kuka. Na wuce gaba ina taku ɗaiɗai, Dije na biye tana goge hannu da zane.

Na dai gane abu guda: hanci, ko na ƙarfe ne, yana ɗora ma mutum laifin da bai yi ba.

Washegari a Madina, inda munka fara sauka, na sayi sabulu biyu. Na miƙa ma Dije guda, na ce in mun koma ta turo mani ɗanta, ina da magana da shi.