Ranar da Na Ɓoye Maganin Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na yi a gida Garo ina aji uku a sashen haɗa magunguna na jami'a ba. Tun ina aji ɗaya 'yan gidanmu ke ce mini Likita, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba (sunan yana mini daɗi, gaskiya).

Lokacin Gwaggo Hajara, ƙanwar babana, tana zuwa Kano karɓar maganin ciwon daji. Ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwarta har ta fara faɗuwa irin ta farfaɗiya, aka ɗora ta a kan wata ƙwaya safe da yamma. Wata biyu ba ta faɗi ba.

Wata safiya ina latse-latsen waya na ci karo da wani bincike, wai wasu magungunan farfaɗiya suna sa hanta ta kore maganin daji daga jiki kafin ya yi aiki. Ko shafin farko ban ƙarasa ba na faɗa ɗakin Gwaggo, na ɗauke kwalin ƙwayar na cusa a aljihu.

"Gwaggo, yau kar ki sha wannan."

"To Likita, yadda ka ce."

Yardar nan tata ce ta hana ni sakat. Da hantsi ta ce kanta na sarawa. Ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, na zabura har na ture kwanon koko. In na mayar da maganin, dajin fa? In na hana, faɗuwar fa? Kafin azahar na tayar wa Baba hankali, muka ɗauko mota sai asibiti a Gwarzo. Duk ramin da motar ta faɗa sai na leƙa idon Gwaggo.

Likitar da muka tarar dattijuwa ce mai sanyin magana. Na dire mata wayata a kan tebur, na shiga zuba bayani da Turanci (don Baba ya ji inda karatu ya kai). Ta bari na gama.

"Ina maganin?"

Na zaro shi.

"Me yake yi a aljihunka, Malam? Ta sha na safe?"

Na ce ba ta sha ba. Likitar ta sa aka kawo ruwa, ta tsaya sai da Gwaggo ta haɗiye. Ta ce yanke irin wannan ƙwaya farat ɗaya shi kansa yana tayar da faɗuwa. Sannan ta turo mini wayar.

"Nemo sunan da ke jikin kwalin nan a cikin takardarka."

Na duba, na nemo. Yana shafi na uku, cikin jerin waɗanda ba sa taɓa maganin daji. Shi ya sa ma likitocin Kano suka zaɓe shi.

"Kuma wannan gwajin da ya firgita ka, a kan ɓeraye aka yi shi."

Gwaggo ta dubi Baba. "Yaya, wai ɗan naka ɓera ya ɗauke ni?"

Allah ya tsare, ba ta faɗi ba. A mota, da muka kusa gida, Baba ya jefo mini tambaya.

"Saura shekara nawa ka gama?"

"Biyu, Baba."

"Alhamdu lillahi, ashe da saura."

Tun ranar, ko takardar gayyatar biki aka miƙo mini, sai na juya bayanta na karanta kafin in buɗe baki.