Addu'ar da Ba a Roƙe Ni Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a bakin teku ba, ranar da na tsayar da jirgin ruwa da fasinjojinsa kaf da tafin hannuna kawai.

Na je Kuala Lumpur ne duba autata Rukayya, wadda ke karatu a can, tana haya a Taman Melati. Na tarar ta gama jarrabawa, ta kuma daɗe tana tsimin kuɗin abincinta don ta yi irin yawon nan na ɗalibai: jaka a baya, mota mai arha, a kwana inda ya sawwaƙa, a ga duwatsu a ga teku. Mahaifinta ya ce ta waya ba inda za ta sai da babba. Babban da ke kusa kuwa ni ce.

"Umma, tafiyar fa ba ta hutu ba ce," in ji ta. "Ba otal, ba tasi. Kuma ki yi haƙuri, ba a tsayawa doguwar gaisuwa a hanya."

Na ce, "Ni ce zan ba ki kunya? Ke dai ki wuce gaba."

Ta kai ni Jalan Tuanku Abdul Rahman muka sayo min jakar goyo (rabona da goyo tun da na yaye ta, sai ga ni na koma, wannan karon buta da sallaya da garin kunu nake goyawa). Muka fara da tsaunukan da ake noman ganyen shayi. Sanyi kamar a cikin firji, kwaruruka kore shar har iyakar gani. Muka kwana ɗaki ɗaya da wasu 'yan matan Turawa, a gado mai hawa biyu. Ban yi ƙorafi ba. Na hau tudu, na sauka, na ci shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa ban ɓata fuska ba. Har na fara jin kaina, ina cewa ashe ni ma 'yar yawon duniya ce, ba a dai gano ni da wuri ba.

To, akwai abin da ya kamata ku sani game da ni. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, na haɗa da Islamiyyar matan aure. Tun da na iya karanta littafin addu'o'i da kaina, duk wani suna ko walima a unguwarmu ni ake ba rufewa. Da zarar an ce "Hajiya, addu'a," hannuwana sun riga tunanina tashi.

Daga tsaunuka muka gangaro bakin teku, inda za mu hau ƙaramin jirgi zuwa wani tsibiri. Shi ne na ƙarshe a ranar, ga layi. Rukayya ta ce za ta ruga ta yi mana tapau, wato abincin ƙunshi.

"Umma, ki riƙe mana layi. In aka zo kanki, yatsu biyu kawai za ki ɗaga. In jirgin nan ya bar mu, ɗakin da na kama a can ya tafi, kuma ba ni da na kama wani."

Na ce ta tafi abinta, ai yatsu ne, ina da su.

Layi ya zo kaina. Mai shigar da mutane wani dattijo ne mai farin gemu da 'yar hula. Ya dube ni, ya dubi jakunkunanmu, ya ce, "Makcik, dua?" (Makcik kamar a ce inna ke nan, wannan na riga na koya.) Na tsaya ina kallon sa. Sai ya buɗe tafukansa biyu, ya ɗan ɗaga su, ya sake cewa, "Dua? Dua?"

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina, Allah sarki, mutanen kirki, ba sa hawa ruwa sai da du'a'i, sun kuma duba sun ga ni ce babba a wurin. Na gyara hijabi, na rufe ido, na ɗaga hannu.

Na fara da salati, na kawo addu'ar hawa abin hawa. Da Larabcina ya ƙare sai na juye Hausa. Na roƙa wa direban jirgi da iyayensa. Na roƙa wa ɗalibai sa'ar jarrabawa. Na roƙa wa Turawan da ke bayana shiriya. Na tsallaka gida na nema mana zaman lafiya da sauƙin farashi. Can na ji "amin" ta ko'ina, maza da mata, har da na cikin jirgi. Na ji an kashe inji. Ai kuwa sai na ƙara ƙaimi, don ban taɓa samun jama'a masu ladabi irin waɗannan ba.

Ina cikin roƙon damina mai albarka na ji an ja min hijabi.

"Umma," Rukayya ta raɗa min, "dua a yarensu biyu ke nan. Tambayar ki yake ko mu biyu ne."

Na buɗe ido ɗaya. Dattijon nan hannunsa a sama. Direba hannunsa a sama. Wani Bature ya cire hularsa ya rungume ta a ƙirji. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ga shi kuma ba a yanke addu'a a tsakiya. Haka na lallaɓa na kai ta ƙarshe da 'yar murya, aka shafa, sannan na ɗaga yatsun nan biyu da aka aike ni da su tun farko.

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Boleh, boleh," wato ba komai, ya nuna mana jirgi. Ashe wuri biyu ne rak ya rage, kuma na bayana sun so shigewa, ya hana su har sai na gama.

A cikin jirgi Rukayya ta kifa kai a kan jaka, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take. Na dafa ta na ce, "Yi haƙuri, auta, na saɓa alkawari."

Ta ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe, ashe dariya ce ta hana ta numfashi.

"Umma, har da damina? Garin da kullum ruwa ake?"

Muka isa lafiya, muka sami ɗakinmu, na sa ƙafa a teku har idon sawu. Da muka koma Kuala Lumpur labari ya riga mu isa. Duk sanda muka zauna shan shayi a shagon mamak, wato mai shayin da ke ƙasan gidansu, Rukayya ta ce wa mai kawowa "dua," sai ƙawayenta su haɗa baki su ce amin.

Ta ce in Allah ya kai mu hutu na gaba da ni za ta sake tafiya, tunda tana da mai tsayar mata da jirgi. Ni kuwa yanzu ko a unguwarmu aka buɗe min hannu aka ce addu'a, sai na dubi mutum da kyau na tabbatar ba ƙirga ni yake ba.