Mahasin Ta Rasu a Kan Dutse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba mu da niyyar ɓoyewa, iyalan Malam Hadi Direba na unguwar Arba wa Nus ke sanar da rasuwar Mahasin, ƙaramin kan jirgin ƙasan da ya yi aiki a wata mahaƙar farin dutse kusa da garin Halwan. Ta rasu ranar Juma'ar da ta gabata, cikin watan Maris na 2014, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta fi shekara hamsin tana sauko da dutse daga tsauni zuwa bakin kogin Nilu, a kan siririn layin dogon da yaro zai iya tsallakewa. Ba ta da sauri, ba ta kuma taɓa kashe kowa ba. Da safe takan yi tari biyu, kuf, kuf, sannan ta kama duƙu-duƙu-duƙu har magariba. Da aka rufe mahaƙar, mai wurin ya bar wa mahaifinmu Malam Hadi ita da dogonta, don shi ya tuƙa ta tun zuwansa daga Sudan.

Ciwon ajali ya fara a 2011, lokacin juyin juya hali, da 'yan sanda suka janye daga tituna. Muka ba surukinmu Abakar, mijin ƙanwarmu Fatna, gadin dogon. Ya tsare shi daga ɓarayi tsaf, sannan ya kwance shi da kansa ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ya bar mata tsawon ɗaki guda a ƙarƙashinta. A kan wannan guntun mahaifinmu yake tada ta kowace Juma'a, ya yi gaba kaɗan, ya dawo baya. A watan jiya Abakar ya koma ya kwance famfon man injinta, abin da ya ƙarasa ta ke nan.

Ta rasu ta bar taragu shida cike da yashi, da direbanta mai shekara tamanin, wanda tun ranar bai ci wani abin kirki ba. Abakar ya aiko da ma'alish, wato a yi haƙuri, ta bakin matarsa. Mun ji, ba mu karɓa ba.

Za a wanke ta da man gas ranar Asabar da hantsi. Daga nan motar ɗaga kaya za ta kawo ta Arba wa Nus, a sauke ta a ƙofar garejin Abakar, inda motarsa ta haya take kwana. Nauyinta tan biyar ne.

A nan za a karɓi gaisuwa, kowa ya zo da kujerarsa. Babu sadakar uku, babu ta arba'in, zaman makoki zai tashi ne ranar da dogon ya koma kan dutse. Ana sanar da maƙwabta cewa ƙahon marigayiyar bai mutu ba, kuma mun saya masa sabon batir.

Sanarwa daga Harun Hadi, a madadin iyali.