Fim Ɗin da Ya Fito Bebe

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tara dattawan Kwandiko a gidan kallon ƙwallo don su ga kansu suna waƙa ba. Har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Bari dai in faro muku daga tushe.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce a Birnin Kudu. Daga Sundimina har Yalwan Damai, da wuya a kai amaryar da ban haska mata fitila a ido ba. Mu kuwa masu wannan aiki ba ruwanmu da sauti. Me za ka ji a gidan biki in ba guɗa da kukan jarirai da ƙarar janareto ba? Hoto kawai muke bi. In mun koma shago mu share hayaniyar, mu ɗora waƙar da ango ya zaɓa, shi ke nan. Shekara tara ina aiki ban taɓa sa wani abu a kunne don in ji abin da nake ɗauka ba.

Sai wata rana na gaji da a riƙa ce mini "mai bidiyo". Na ce ni ma fa zan yi aikin da za a kira ni darakta. Abin da zan yi fim a kansa kuma yana gida. Marigayi mahaifina makaɗin kalangu ne a wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙasar Gwaram, tun kafin a haife ni. Bayan an gama girbi sukan bi garuruwa suna wasa a dandali, rabi magana rabi waƙa, maza su bayar mata su amsa. Babu wanda ya taɓa ɗaukar muryarsu ko a kaset. Da na bincika, waɗanda suka rage ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma mutum ɗaya ne ya riƙe waƙoƙin duka a kansa: Baba Haladu na Kwandiko, wanda shi ya tsara su, shi ke bayarwa.

Sau uku ina zuwa yana korata cikin mutunci.

"Yaro, na je Makka, na yi furfura, sai kuma in zauna ina wangale baki a gaban jikoki? Je ka nemi wani aikin."

A zuwa na huɗu ne ya tambaye ni ɗan gidan wa ne. Da na faɗi sunan mahaifina sai ya daɗe yana kallona. Sannan ya gaya mini cewa ranar Lahadi ɗansa zai zo ya tafi da shi Kano, za a yi masa aiki a maƙogwaro, kuma likita ya ce ba lallai muryar ta dawo ba.

"Ka zo ranar Asabar. Sau ɗaya zan yi. Ba na maimai, ka ji ko?"

Na ce na ji. Na je na ari makirufo wurin wani abokina mai ɗaukar karatun malamai. Ya buɗe baki zai yi mini bayani, na katse shi, na ce, "Haba, ni za a koya wa kyamara?" Na sayi wata riga mai aljihu goma sha biyu (babu abin da na sa a cikinsu sai goro ɗaya). Tun a tasha na fara gaya wa mutane cewa Darakta ake ce mini.

Ranar Asabar da hantsi muka zauna a gindin tsamiyar bayan gidan Baba Haladu. Ga shi a kan tabarma cikin farar riga, ga Inna Kande, wadda ita ce shugabar 'yan amshi a da, da wasu tsofaffin mata biyu. Na soka wayar makirufo a kyamara, na kafa shi a gabansu. Daga nan mulki ya hau kaina. Na kori kaji. Na aika maƙwabta a ce matan su dakata da daka. Na taka da ƙafata har wurin Malam Sabo mai injin niƙa, na ce ya kashe inji sai mun gama, alhali ga kwanukan mutane jere a gabansa. Ko tari wani ya yi sai in ɗaga hannu in ce, "Shiru don Allah! Sauti muke ɗauka!"

Baba Haladu ya gyara murya ya fara. Wasan wani manomi ne da ya bar gonarsa ya tafi birni neman na banza:

"Gero ya nuna, mai gona na birni,
Tsuntsu ya ci ya yi hamdala."

Matan suka amsa, "Wa zai kora, wa zai kora?"

Wallahi tsigar jikina tashi ta yi. Wannan waƙar ce mahaifina ke yi ƙasa-ƙasa in yana gyaran keke, ban taɓa sanin tana da gaba ba. Ina riƙe da kyamara hawaye na zuba. Tsohon nan ya yi waƙa goma sha ɗaya, ya ba da labarin kowacce, bai tsaya ba sai da aka kira azahar. Da ya gama muryarsa ta dishe, ya ce, "To, na sauke. Yanzu kai ke ɗauke da su."

Inna Kande ce ta ce, "Ai sai ka nuna mana mu ga kanmu, ɗan nan." Mai hankali zai ce bari in koma shago in duba tukuna. Ni kuwa na ce, "Me zai hana, Inna? A gaya wa gari duka."

Bayan la'asar gidan kallon ƙwallon Habu ya cika har waje. Maza a benci, mata a tabarma ta baya, mai unguwa a kujerar gaba kusa da Baba Haladu. Kafin in kunna sai da na yi jawabi (wa ya aike ni?). Na ce, "Jama'a, daga yau ko bayan shekara ɗari, jikokin jikokinku za su ji muryar Baba." Aka tafa mini. Na ɗan rusuna.

Na danna. Hoto ya fito garau, tsamiya kore shar, rigar Baba fara fat. Aka yi ta "Ma sha Allah". Baba Haladu na cikin talabijin ya gyara zama, ya buɗe baki.

Babu komai.

Bakin na motsi, hannu na tashi, matan na kaɗa kai, amma ko ƙus. Na ce wa Habu ya ƙara murya. Ya ƙara har ƙarshe. Na juya wurin jama'a na yi wata 'yar dariya, na ce, "Talabijin ɗin ce, kun san kayan yanzu." Habu ya mayar da ita tashar ƙwallo. Ihun 'yan kallo ya daki ɗakin har mai unguwa ya zabura. Ya mayar da ita kan fim ɗina, shiru ya dawo. Na ce to waya ce. Aka canza waya. Na ce janareto ne ba ya ja. Habu ya ce, "Darakta, janareto ba ya zaɓen abin da zai ja."

Gumi ya karyo mini. Na ciro makirufon daga jaka ina jujjuyawa, sai idona ya faɗa kan wani ɗan maɓalli a gefensa, bai kai ƙwayar wake ba. A kashe yake. Ashe da zarar ka soka makirufo, kyamara takan toshe nata kunnen ta dogara da shi, shi kuma tun safe barci yake. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ban san a fili na ce "ban kunna ba" sai da na ji ɗakin ya yi tsit. Can daga baya Malam Sabo mai niƙa ya miƙe.

"Darakta, tambaya gare ni. Wai wannan shirun ne ka sa na kashe inji tun safe dominsa?"

Na sunkuyar da kai.

"A'a, ba laifi," in ji shi. "Shirun ya ɗauku da kyau."

Ɗakin ya fashe da dariya. Har mai unguwa sai da ya rufe baki da hannun riga. Na so ƙasa ta tsage in shige da ni da rigar aljihu goma sha biyu. Amma da na dubi Baba Haladu sai kunyar ta koma wani abu da ya fi ta ciwo. Shi bai yi dariya ba. Ya kalli kansa a talabijin yana motsa baki, ya ɗauki sandarsa, ya miƙe a hankali ya nufi ƙofa. Gobe Kano. Waƙa goma sha ɗaya mutumin nan ya damƙa mini, na zubar da su a gindin tsamiya.

Hoton dai na ta tafiya, don ban ma tuna in kashe ba. Sai na ji murya daga tabarmar mata. Inna Kande ce ta zuba wa bakin Baba na talabijin ido, tana bin sa tana ɗora waƙar. Tsofaffin nan biyu suka amsa mata. Wasu dattawa a benci, da ban san sun taɓa ganin wasan ba, suka kama. Sai dai Inna ta birkita baitin, ta sa tsuntsu ya ci gero kafin geron ya nuna.

Baba Haladu ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Kande! Shekara arba'in ba ki daina wannan ɓarnar ba? A ina tsuntsu ke cin gero ɗanye?"

"To ni haka na sani, Malam," in ji ta, ta sake rera shi a birkice, da ƙarfi ma.

Tsohon ya dawo yana dogara sanda yana faɗa. Ya tsaya a gaban talabijin ya ce, "Ku saurara ku ji yadda ake yi." Ya ɗauko ta daga farko da disasshiyar muryar nan, ɗaki duka na amsawa. Nan da nan na soka makirufon a kyamara na fara ɗauka, na danna ɗan maɓallin, na fizgi abin kunnen Habu na toshe kunnuwana. Da na ji muryar Baba ta shigo, saura kaɗan in yi guɗa. Ya gama ta farko, Inna ta ɗauko ta biyu ta lalata, ya gyara. Haka suka yi ta yi har goma sha ɗaya, ana kiran magariba ya sauke ta ƙarshe.

A waje na tambayi Inna Kande ko da gangan ta yi. Ta gyara mayafi ta ce, "Ni? Tsufa ne, ɗan nan." Ta wuce tana murmushi.

An yi wa Baba aikin lafiya, amma muryar ba ta dawo ba sai raɗa. Abin da na ɗauka a gidan kallon nan shi kaɗai ya rage, kuma shi ne hoto mafi muni da na taɓa yi: duhu, rawar hannu, ƙeyar mutane, ga janareton Habu na ta nasa amshin. Na kai masa har Kano. Ya saurara daga farko har ƙarshe, ya share ido, ya yafito ni da hannu. Na kai kunne ina jiran albarka, ya raɗa mini, "Allah ya yi wa Kande albarka."

Ni dai har yau a Kwandiko Darakta Shiru ake ce mini, kuma ina amsawa. Darasin da na kwasa bai da tsawo: kafin ka sa gari guda ya yi shiru, fara tabbatar da cewa kai kana ji.