Kwamfutar Malam Ta Cika Cikin Rigar Karan-Miski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har haƙuri ya rasa wurin zama a cikinta, mai ɗinkin nan ta shagon ƙarƙashin bene take sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu kawo ɗinki rasuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta mijinta, marigayi Malam. Ta cika ne da rana tsaka a kan teburin yanka, tana tsakiyar magana, bayan doguwar jinyar zazzaɓi da kowa ya ji labarinta amma ba wanda ya zo dubiya.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce. Baƙa ce, kusurwarta ɗaya a fashe, wasu haruffanta sun goge saboda yatsun Malam. Amma iya zamanta a gidan ba ta taɓa yi wa kowa dariya ba. Lokacin da mai ɗinki ta ce za ta koyi karatu da furfura a kanta, 'ya'yanta sun yi dariya har da riƙe ciki. Malam bai yi ba. Tsohon malamin makaranta ne, ya kuma san matarsa tana jin kunyar yin kuskure a gaban mutum, ko da shi ne. Sai ya riƙa ɗaukar muryarsa a cikin kwamfutar, darasi bayan darasi, don ta kunna a shago ita kaɗai tana taka keke.

Waɗanda suka san marigayiyar za su tuna muryarta. Da fari ɗan gyaran murya, sai ƙarar kofin shayi a kan tebur, sannan: "To, Ɗaliba, ajiye almakashin nan, ina jin sa daga nan." In an zo wuri mai wuya takan ce, "A hankali, ba wanda ya biyo ki." Ƙarshen kowane darasi kuwa maganar ɗaya ce: "Ba ki buɗe na gaba sai kin karanta wannan ba tuntuɓe. Ban yarda da satar hanya ba."

Ranar da Malam ya faɗi bai tashi ba, kwamfutar tana kunne, murfinta a buɗe. Babban ɗansu, wanda aikinsa a ofis ma na kwamfuta ne, ya duba ya ce, "Umma, kada ki kashe ta, kada ki rufe murfin, kada ki bar caji ya ƙare. In ta mutu sai da kalmar sirri, Baba kuma ya tafi da ita. Zan zo ƙarshen mako in kwashe komai." Ya danna wani abu da ya hana ta barci, ya kama hanya.

Tun daga ranar marigayiyar ba ta ƙara runtsawa ba. In an ɗauke wuta, mai ɗinki takan ɗauke ta a buɗe, kamar mai ɗauke da farantin ƙwai, ta tsallaka titi zuwa shagon mai aski da ke da janareta. "Umma, yau ma Malam aski ya zo?" in ji mai aski, yana jawo mata kujera. Ƙarshen mako ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya sake wucewa, har jikar da aka haifa bayan Malam ta fara rarrafe.

Da mai ɗinki ta ga burbushin yadi da ƙurar zare suna shiga jikin marigayiyar, sai ta yi mata abin da ta iya. Ta ɗinka mata riga ta karan-miski, da soso a ciki, da shafi, ta rufe ƙasa da gefe tsaf, ko kafar allura ba ta bari ba. Duk wanda ya gani sai ya yaba ɗinkin. Ba wanda ya gaya mata cewa ta ƙasan nan da gefen nan marigayiyar take numfashi.

Ciwon ajali ya fara ne da nishi. Fankar cikinta ta riƙa gurnani, jikinta ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. An kira babban ɗa, ya ce, "Haka suke yi, Umma, ina cikin taro." An kira auta, ta ce, "Ki ɗora ta a kan filo mana, ta ji daɗi." Aka ɗora ta. Mai ɗinki ta zauna tana yi mata fifita da kwali.

A lokacin darasi ɗaya ya rage mata, na ƙarshe, wanda Malam ya ɗauka a makon da ya rasu. Ba ta taɓa buɗe shi ba. Na kafin shi ne ya yi ta kayar da ita, sai a ranar nan ta karanta shi daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Duk da haka ta ce bari ta ƙara sau ɗaya kafin ta buɗe na ƙarshen, kada ta yi satar hanya. Ta sake kunna shi. Muryar ta ce, "To, Ɗaliba, in kin ga…" Fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Ƙaurin roba ya cika shagon.

Da aka kai ta wurin mai gyaran kwamfuta, ya kwance rigar ya daɗe yana kallonta. "Umma, wa ya ɗinka mata wannan? Ai shaƙe ta aka yi. Waɗannan ba sa son filo, ba sa son katifa. Tebur suke so, da iska, da a kashe su su huta." Ya ce wurin da muryar take ya ƙone tare da sauran. Sannan ya ɗago wani filash na adana abin da ke cikin kwamfuta, mai tsawon ɗan yatsa, ya ce da an sa wannan, kafin shayi ya huce an gama kwashe komai. Mai ɗinki ta ɗauki marigayiyar. Ta naɗe rigarta ta dawo.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai naɗe da salatif, da jakar da zif ɗinta ya lalace, da ɗaliba ɗaya da ba ta kammala ba. Ta kuma bar 'ya'yan Malam, dukansu masu ilimi, dukansu lafiya ƙalau.

Za a karɓi gaisuwa a shago, a lokutan aiki. Masu niyyar cewa "ai da kin faɗa mini" su huta, an faɗa musu. Mai gyara ya nemi gawar don ya ciri sassa, an hana shi. Gobe da hantsi za a mayar mata da rigarta, tunda yanzu ba abin da za ta yi mata, a rufe murfinta a karon farko tun rasuwar mai ita, a kwantar da ita a ƙasan akwatin Malam tare da tabaraunsa. Ba a jiran kowa. Babban ɗa yana iya zuwa ƙarshen mako.

Mai ɗinki ce ta rubuta wannan sanarwa da hannunta. Wanda ya ga kuskure ya bar shi a yadda yake. Mai gyara mata rubutu ya rasu sau biyu.