Intabiyun Rumasa'u a Sharaɗa

Duk wanda ya karanta injiniyanci ya san wata shidan nan da ake korar ɗalibi daga aji, a ce ya je kamfani ya ga yadda ake aiki da hannu. Ɗalibai ai-ti suke ce masa. A lokacin ne ake gane wanda yake da kawu a Abuja da wanda ba shi da shi. Rumasa'u Isiyaku, 'yar Gwammaja, tana da kawu, amma nata adaidaita sahu yake ja. Ta kai takarda kamfani goma sha ɗaya, ko'ina mai gadi ne yake karɓa ya ce za a neme ta, kuma har yau ana nan ana neman nata. Da kawun ya ga lokaci zai ƙure, sai ya ɗauke ta a adaidaitarsa ya kai ta shagon abokinsa Malam Lurwanu mai gyaran kwamfuta da inbata, na'urar nan mai ba da wuta daga batir in an ɗauke lantarki, a wani lungu bayan titin Beirut.

Shagon ɗaki ɗaya ne, matattun na'urori jibge har rufi, ga fanka ɗaya wadda ita ma layin gyara take bi. Ranar farko da kuka Rumasa'u ta koma gida. 'Yan ajinsu kuwa sai zuba hotuna suke daga benayen Abuja, kati rataye a wuya, kofin shayi a hannu, bayan su tagar gilashi. Ita in an tambaye ta inda take, sai ta ce wani kamfanin lantarki ne a cikin gari, ta yi maza ta kawo wata hirar.

Malam Lurwanu bai wuce firamare ba, kuma magana tsada take masa. In ta yi liƙi da dalma ya duba bai yi ba, kalma ɗaya ce: "Sake." Ta sake ta sake har lallen yatsunta ya koma tabon ƙuna. Amma kafin wata huɗu yarinya ta fara gardama da shi a kan fanel, wato allon nan mai ɗauke da ƙananan kayan cikin na'ura, kuma sau biyu ita ce da gaskiya. Ranar da ta gama ya buga mata hatimi a littafin rahoto, ya ce ba laifi. Maƙwabtan shagon sun ce shekara ashirin ba su taɓa jin ya yabi mutum haka ba.

Aka gama makaranta, aka yi bautar ƙasa, aka zauna a gida shekara guda cur. Mahaifinta ya gaji da ganin injiniya tana tsince shinkafa, ya yanke hukunci: gwaggonta tana da makarantar rainon yara, an ajiye mata aji, ranar Litinin za ta fara. Rumasa'u tana son yara, amma daga nesa. Ranar Laraba sai ga saƙo daga wani kamfanin harhaɗa inbata a Sharaɗa, suna kiran ta intabiyu ranar Alhamis. Gurbi ɗaya ne, masu nema talatin da wani abu. Duk da haka murna ta hana ta zama, ta goge mayafi ɗaya har sau uku, ta kira kawunta ta ce ya wanke adaidaita.

A ɗakin jira ta tarar da rabin 'yan ajinsu, kowa rungume da fayil mai ɗauke da sunan babban kamfani. Ita takardarta hatimin Malam Lurwanu ne a jiki, shi ma a karkace ya hau. Ta tura ta can ƙasan fayil.

Da layi ya zo kanta ta shiga, ta tarar da mutum biyu. Ɗaya Injiniya Bashari ne, shugaban sashen injiniyoyi, mai kwat da tabarau, wanda ya yi karatu a waje kuma ba ya barin minti biyar ta wuce bai tuna wa mutum ba. Ɗayan Alhaji Mamuda ne mai kamfanin, dattijo, yana gefe yana jan carbi kamar ba da shi ake ba. Injiniya ya bi takardunta har ya kai ta ƙasan, ya karanta sunan shagon a fili, a hankali, yana jin daɗin kowace kalma. Ya tambaye ta ko shagon yana da reshe a Dubai. Ta ce a'a, amma suna da benci a waje.

Daga nan ya turo mata wani fanel a kan tebur. Ya ce na na'urar da ke gwada inbatocinsu ne kafin a kai kasuwa, ta tsaya kwana tara ke nan, an yi odar sabo daga waje ana jira. Ba ya son ta gyara, wannan ya fi ƙarfinta, so yake kawai ta gaya masa ta ina injiniya zai fara. Waɗanda suka riga ta shiga duk sun ba da amsa mai kyau: a kawo zanen na'urar, a kawo kwamfuta, a kafa kwamiti.

Rumasa'u ma ta haddace irin wannan amsar, tana kan harshenta. Sai dai hannunta ya riga bakinta. Kafin ta ankara ta ɗauki fanel ta kai hanci, ta shiga shinshina shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ido a lumshe. Haka ake yi a shagon Malam Lurwanu: ba a taɓa mitar awo sai an fara jin warin abu, don abin da ya ƙone a cikin na'ura warinsa yakan daɗe bai fita ba. Sai da ta kai tsakiyar allon ta tuna inda take. Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ta shige ƙarƙashin tebur, har ta fara jiyo kukan yaran gwaggo a kunnenta. Amma hancin ya riga ya kama wani abu, kuma ya ƙi saki.

"Yallaɓai, a nan ne," in ji ta. "Ƙarƙashin farin gam ɗin nan."

Injiniya ya yi dariya har da cire tabarau. Alhaji kuwa ya ajiye carbi, ya ce a ba ta abin da za ta kankare. Ta zare fil daga mayafinta ta ɗaga gam ɗin, sai ga wani ɗan mitsitsin abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya yi baƙi ƙirin ya tsage biyu.

Daga nan intabiyu ya watse. Alhaji ya miƙe da kansa ya ce a tafi cikin masana'anta. Aka yi jerin gwano, Alhaji a gaba, Rumasa'u a baya da fanel a hannu, masu jiran intabiyu na leƙe, ma'aikata sun bar aiki sun biyo sahu, Injiniya Bashari a can ƙarshe yana cewa wannan ba tsari ba ne. Ta nemi kwandon da suke zuba lalatattun faneloli, ta tona, ta ciro irin abin daga jikin wani, ta liƙa da dalma. Liƙin farko bai yi ba. Ta dube shi, ta ce wa kanta "Sake," ta sake. Aka mayar da fanel, aka kunna. Na'ura ta yi ƙara, koriyar fitila ta kama, ma'aikata suka ɗauki tafi. Rumasa'u ta danne bakinta da mayafi don kada guɗa ta kuɓuce mata a gaban masu kamfani.

Alhaji ya juyo ya tambaye ta ko za ta iya farawa ranar Litinin. Kafin ta buɗe baki Injiniya Bashari ya shiga tsakani. Ya ce a yi haƙuri, wannan sa'a ce kawai, shi da injiniyoyinsa shida sun kwana tara a kan allon nan da na'urorin awo na zamani, sun rubuta rahoto shafi goma sha biyu, ba za a zo a rusa masa sashe da dabarun bakin kasuwa ba. Ya dubi Rumasa'u daga sama har ƙasa.

"Malama, mu nan injiniya muke nema, ba mai sayar da turare ba."

Rumasa'u ta ɗan rusuna cikin ladabi.

"Ai yallaɓai injiniyoyi kuna da su har bakwai. Hanci ne babu."